Sadaka a Kangon Arkilla

La'asar ta yi sanyi lokacin da Abdulshakur ya turo mashin daga zauren gidansu a Runjin Sambo, cikin Sakkwato. Ɗan aike ne, ba wani abu ba. Zai je Arkilla, ya shiga gidan benen da ake gina wa Hajiya Balaraba, ya kira ta ta bidiyo, ta ga inda filasta ta tsaya. Hajiya tana Saudiyya wurin ɗanta, ba ta ganin gininta sai ta waya. Da can aikin yayansa Saifullahi ne, shi ke kula da magina, shi ke zagayawa da ita ɗaki ɗaki. Saifullahi ya kwanta zazzaɓi, bai tashi ba. Ko sadakar arba'in ba a yi ba tukuna.

Mahaifiyarsu Inna Dijatu na zaune a bakin ɗakinta da carbi. Tun rasuwar ba ta cika magana ba, sai dai ta bi mutum da ido har ya ɓace.

"Ka ɗauki abin ga?" ta ce.

Ya taɓa aljihun gaban rigarsa. Waifai ɗin Saifullahi na ciki, ɗan baƙin akwati da bai cika tafin hannu ba, wanda ake sa wa layi ya raba intanet ga wayoyin da ke kusa. Bayansa ya tsage, an naɗe shi da salatif. A jikin salatif ɗin akwai shatin babban yatsan Saifullahi na shuɗin fenti. An raba kayan mamaci, riguna sun tafi, takalma sun tafi, wannan ne kawai magada suka bar wa Abdulshakur. Wani lokacin yakan ɗora nasa yatsan a kan shatin, ya daɗe a haka.

Inna ce ta kawo shawarar a mai da shi sadaka. Ta ga ɗaliban unguwa na zuwa ƙofar gida suna roƙon faswod, sai ta ce, wasu ruwa suke bayarwa, wasu fura, shi kuwa ɗanta wannan ya bari. Abdulshakur ya kai shi wurin wani mai gyaran waya a Tudun Wada, aka cire faswod ɗin, aka canza masa suna. Yanzu duk wanda ya duba wayarsa a kusa da shi zai ga an rubuta Sadakar Saifullahi, a buɗe, kowa ya shiga.

"Ka dawo kahin a kira magariba," in ji Inna. "Kai ɗai kar rage mani namiji."

"Yanzun ga za ki gan ni, Inna."

Bai samu yadda ya so ba. Tayar baya ta yi faci a hanya, mai facin kuma ya fi ba hira ƙarfi a kan aiki. Kafin ya bar kwalta ya shiga sabbin filayen bayan Arkilla, rana ta yi ja ta sauka kan rufin gidaje. Nan babu mutane sosai. Katanga, fili, kango, sai tarin bulo da ciyawa ta fito a tsakaninsu. Zafin ranar bai bar ƙasa ba, yana tasowa ta cikin takalmi.

Maigadi ba ya nan. Tabarmarsa a naɗe, babu buta. Ya tafi masallaci ke nan, masallacin kuwa da nisa.

Abdulshakur ya jingine mashin kusa da tulin yashi, ya shiga. Gidan ba ƙofofi, ba tagogi, ramukansu ne kawai. Warin ɗanyen siminti da kashin jemage. Ya hau matakala yana jin tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. A wannan unguwa waya ba ta samun sabis sosai, sai an rataye waifai a sama. Ya san wurin. A babban ɗakin bene akwai guntun rodi da ya leƙo daga gefen taga, nan yayansa ke ratayewa da igiyar da ya ɗaura masa.

Ya rataye. Ya danna. Koriyar wuta ta kama.

Sunan ya fito a wayarsa. Sadakar Saifullahi. Ya tuna yadda Inna ke fito da akushin tuwo ranar Juma'a, ta tsaya a zaure ta ɗaga murya tana kiran sadaka. Bai yi tunanin komai ba. Kewa ce kawai ta nemi hanyar fita. Ya juya ya fuskanci ɗakin da babu kowa, ya kwaikwayi muryarta, yana 'yar dariya idonsa na ruwa.

"Ga sadaka! Sadakar Saifullahi ta. Duk wanda ak kusa shi zo shi ɗiba!"

Kango yakan maido wa mutum muryarsa. Wannan bai maido ba. Maganar ta shiga bango ta zauna.

Ya share ido, ya kira Hajiya.

Ta fito a gilashin wayar da farin gyale, fitilu masu haske a bayanta. "Kai Abdulshakur, haka kar rame? Kana cin abinci kuwa? Ina Dije, ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, Hajiya."

"Allah shi jiƙan Saifullahi. Yaron ga bai taɓa yi mani ƙarya kan buhu guda ba. Tau, nuna mani. Sannu sannu hwa, kar ka juya mani kai."

Ya juya wayar yana bin bango. Ta ce filastar kusurwa ta yi tudu. Ta ce wa ya ce a bar wancan rami. Sai ta ƙura wa gindin bangon ido.

"Ashe ma'aikata ba su tashi ba? Gaishe mani da su."

"Babu kowa, Hajiya. Ni ɗai na."

"Kai dai da wasa. Su wa na waɗanga zamne jikin bango? Ga su nan jere, kowa ya sadda kai."

Ya ɗaga ido daga wayar. Bango ne, da inuwar yamma.

"Hajiya, wallahi babu kowa."

Ta matso da fuskarta har ta cika gilashin. Ya ga idonta na bin wani abu daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ga bakinta ya buɗe.

"Innalillahi. Abdulshakur, hita. Hita, kar ka waiga, hi..."

Hoton ya daskare. Wayar ta nuna an cire shi daga waifai ɗin.

Ya matsa wurin taga. A fuskar waifai akwai ɗan gilashi da ke nuna yawan wayoyin da suka shiga. Goma yake ɗauka, in ya cika sai ya ƙi kowa. Ya ga goma. Yana kallo goman ta wuce. Lambobin suka shiga gudu, har ido ba ya iya kama su.

Sannan sanyi ya sauko. A tsakiyar bazarar Sakkwato, sanyi irin na gindin rijiya, da warin laka da ƙaurin gashi.

Sai ƙarar. Ƙas. Ƙas ƙas. Kamar farce a kan gilashi. Daga dama, daga hagu, daga bayansa.

Ya waiga, ko da yake an hana shi.

A jikin bango, daidai ƙirjin mutumin da ke zaune, wasu 'yan haske sun jeru. Dishi-dishi, shuɗi-shuɗi, irin hasken da waya ke zuba wa fuskar mai ita. Sai dai babu wayoyin. Babu fuskokin. Hasken ne kawai, da duhu mai kauri a samansa, a sunkuye.

Matakala na nan, taku kaɗan. Hanya a buɗe take. Da ya ruga a lokacin, da ya fita.

Amma ya dubi shatin shuɗin yatsan nan yana lilo a jikin rodi. Ya miƙa hannu ya fizge waifai ɗin, ya naɗe igiyar a wuyan hannunsa, ya damƙe.

Ƙarar farcen ta tsaya cak.

Ya ruga. Ya sauka matakala bibbiyu, ya sha kwana, ya ci gaba da sauka, ya ga haske a gaba, ya faɗa ciki.

Babban ɗakin bene ne. Ga rodin. Ga 'yan hasken.

Ya juya ya sake sauka, kafaɗarsa na gogar bango, numfashinsa na fita da ƙara. Ƙasa yake yi, ƙafafunsa sun shaida ƙasa yake yi. Ya sake fitowa ɗakin.

A karo na gaba babu matakalar ma. Inda take bulo ne, jere, da ɗanyen siminti a tsakani. Ya dafa, ya ji danshi. Ya duba tagogi. Duk sun toshe. Har wadda ke da rodin.

Can nesa aka kira magariba. Kiran ya zo masa siriri, kamar daga ƙarƙashin ruwa.

"Sadaka kac ce."

Raɗa ce. Ba daga baki ɗaya ba. Tsofaffi da yara, maza da mata, duk a numfashi guda.

"Kac ce mu zo. Mun zo."

Ya fara Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Ya kai tsakiya ya ɓace, ya koma farko, ya sake ɓacewa a wuri guda. Ya danna maɓallin kashewa har yatsansa ya yi fari. Koriyar wutar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Ba a ba da sadaka a ɗauke."

'Yan hasken suka taso daga jikin bango. Ba a jin taku. Jan jiki ake ji, kamar ana jan buhu a kan yashi. Suka kewaye shi, suka bar masa wurin da bai fi tabarmar salla ba.

Batir ɗin waifai ya koma ja.

Sai wata murya ta yi magana a bayan kunnensa, ita kaɗai.

"Ɗan Inna."

Mutum ɗaya ne a duniya ke kiransa haka, don tsokana. Da 'yar shaƙewar nan ta ƙurar siminti. Da dariyar da ke ɓoye a ƙarshen kalma.

Abdulshakur ya sani. Shi ya shiga kabarin Saifullahi ya karɓi kan gawar. Shi ya jera itace, da hannunsa ya tura ƙasa. Wanda ya tafi ba ya dawowa, masu zama a kango ne ke aron murya. Ya san duk wannan. Duk da haka bakinsa ya amsa.

"Yaya," ya ce.

"Zamna, Ɗan Inna. Caji ya kusa ƙarewa. Riƙe muna shi."

Ya zauna.

Waifai ɗin ya manne a tafinsa kamar ƙanƙara. Ya ji ana jan wani abu daga cikinsa, a hankali, daga ƙirji zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa yatsu. Jan batir ya koma kore. Sanda ɗaya ta ƙaru. Hannunsa ya mutu har gwiwa.

Ƙarar farce ta dawo, ko'ina, cikin natsuwa.

"Ka gyara birkin mashin ɗin ga?" in ji muryar. "Kullum sai na hwaɗa maka."

"Ban gyara ba, Yaya."

"Ragon banza."

Hawaye suka zubo masa, suka yi sanyi a kumatu. Bai ƙara neman ƙofa ba. Barci mai daɗi ya fara lulluɓe shi. A ransa ya ce ko da ƙarya ce, a bar shi ya ƙara ji kaɗan.

Wata sandar ta ƙaru. Sanyin ya kai wuya.

"Yaya," ya ce da ƙyar, "Inna na jirana. Na ce mata yanzun ga."

"Ƙyale Inna," in ji muryar, da dariyar nan tata. "Ta saba da rashi."

Maganar ta faɗa masa kamar an watsa ruwan zafi.

Saifullahi, da ba ya kai loma baki sai ya leƙa ya ga Inna ta ci. Saifullahi, da yana cikin zafin zazzaɓi yake cewa a gaya mata ya ji sauƙi. Kuma Inna ba ta saba ba. Har yau kwano uku take jerawa da dare, sannan ta mayar da ɗaya.

Ya buɗe ido.

"Kai ba yayana ba na."

Dariyar ta ci gaba, amma ta bar muryar Saifullahi. Ta yi kauri. Ta yi yawa.

Ya yi ƙoƙarin buɗe hannu. Yatsun sun ƙi.

Ya kai wuyan hannun baki, ya kama igiyar da haƙori. Gishirin gumin yayansa na jikinta. Ya tauna. Ya ja. Ta tsinke.

Yatsun na nan a damƙe.

Ya miƙe yana dafe da bango. Wani abu mai sanyi ya riƙe masa idon sawu. Ya ja ƙafar har wurin rodi, ya cusa bakin ƙarfen tsakanin tafinsa da waifai ɗin, ya danna da duk nauyin jikinsa.

Fata ta yage.

"Na ba ku!" ya yi ihu. "Abin nib ba ku, ban ba ku kaina ba! Ga shi nan!"

Waifai ɗin ya faɗi ƙasa, ya gangara tsakiyar ɗaki.

'Yan hasken duka suka yi kan waifai ɗin, kamar kaji an watsa tsaba.

Riƙon ƙafarsa ya saki.

A gefen rodin, inda bulo yake, sararin sama ya bayyana, ja-ja, da tauraro ɗaya.

Bai duba ƙasa ba. Ya faɗa.

Tulin yashi ne ya tare shi. Ya ji ƙashin ƙafarsa ya yi ƙara, sannan zafin gari ya rufe shi, zafin nan da kowa ke tsinewa, ya ji kamar ya rungume shi. Ya kwanta yana shaƙar ƙura yana kuka.

Hasken tocila ya sauka a fuskarsa. Maigadi ne, wani dattijo mai farin gemu, da buta a hannu. Daga sallar magariba yake dawowa. Abdulshakur ya ɗauka dare ya raba, ashe ko jan yamma bai gama gushewa ba.

"Subhanallahi! Ƙanen Saifullahi? Mi kay yi ciki da almuru?"

Ya faɗa masa, a guntule. Dattijon ya ajiye butar a hankali.

"Cikin kango kak kira sadaka? Kac ce duk wanda ak kusa?" Ya rage murya. "Ɗana, bakin ƙohwa aka kiran sadaka, da rana, kana kallon mai amsa. Gidan da ba a shiga ba, ai da masu shi."

Ya cire rawaninsa ya ɗaure masa hannu, ya saɓa shi a kafaɗa. Ba su waiga ba sai da suka kai kwalta. Daga can, a tagar bene, wata 'yar koriyar wuta na ci. Wani ya mayar da ita kan rodi.

A keke mai ƙafa uku aka kai shi gida. Inna na tsaye a zaure, ko mayafi babu. Ba ta tambayi mashin ba, ba ta tambayi komai ba. Ta kama kansa ta riƙe a ƙirjinta har masu ɗori suka zo. Sai bayan kwanaki ta ce ina abin yayansa. Ya ce an karɓi sadakar. Ta ce Allah shi kai ladan kabarinsa. Ya amsa da amin, kansa a ƙasa.

Ƙafar ta ɗoru, da ɗan ɗingishi. Tafin hannun ya warke, amma bai ƙara yin ɗumi ba, ko ya kara shi a murhu. Hajiya Balaraba ta sa an tsayar da aikin. In aka tambaye ta abin da ta gani, sai ta kashe waya. Abdulshakur ya je ofishin masu layin ya sa aka rufe shi, suka tabbatar masa ya mutu. Ya sayar da babbar wayarsa, ya sayi 'yar ƙarama mai tocila. Bai ƙara bin hanyar Arkilla ba. Ana kiran la'asar yake dawowa gida, ya zauna inda Inna za ta gan shi.

Damina ta zo ta wuce.

Wata yamma yana alwala a tsakar gida, Inna ta shiga ɗaki ta shimfiɗa darduma, sai ƙanwarsa Khairiyya, wadda ta dawo hutu daga kwaleji, ta fito daga kicin tana duba wayarta tana murmushi.

"Yaya, ashe ka samo shi, shi na ba ka hwaɗi ba? Rowa dai."

"Mi nis samo?"

Ta miƙo masa wayar. Sadakar Saifullahi. Sanduna a cike.

Waifai irin wannan ba ya kai nisa. Daga zaure zuwa tsakar gida ma yakan yanke.

"Na zagaya gidan dut," in ji ta. "Bakin ƙohwar ɗakinka yah hi ƙarhi."

Butar ta kife, ruwan ya bi ƙasa. A ɗaki Inna ta ta da kabbara.

"Khairiyya," ya ce da raɗa, "kar ki shiga."

"Ai wayar da kanta tas shiga."

Ya tashi da ɗingishinsa, ya je ya tsaya tsakanin ƙofarsa da ƙofar Inna. Babu iska ko kaɗan. Labulen ɗakinsa a sake yake har ƙasa, sai daga can gindi ya turo waje a hankali, kamar wani na zaune a ciki ya jingina da shi.